Hannuwan Goggo Hecer Mai Wankin Kwaɓi

Idan aka idar da sallar asuba a ƙauyen Irdik, matan gari wuta suke hurawa su ɗora shayi. Goggo Hecer kuwa daro take jawowa. Ta zuba garin alkama ta kwaɓa shi da tauri, ta rufe shi da ƙyalle ya huta, kafin nan ta ɗebo ruwa bokiti huɗu a famfon tsakar gida, wanda da hunturu sai an fasa ƙanƙarar bakinsa da gatari. Sannan ta naɗe hannun riga, ta sheƙa wa kwaɓin ruwa, ta shiga murza shi kamar mai wankin tsumma. Ruwan ya yi fari fat, ta tace shi a wani daron, ta zuba sabo. Haka za ta yi ta yi har abin da ya rage a tafinta ya zama curin danƙo, ta jefa shi gefe. Farin ruwan shi take so. Ta bar shi ya kwanta kamar gasara, ta tsiyaye na sama, ta ɗauraye, ta sake bari ya kwanta. Sai bayan azahar take turara shi falle-falle a faranti, ta yanka shi siri-siri, ta ƙulla taliyar a leda ashirin da uku, kowace da sunan wanda zai ci.

Wankin kwaɓi ba baƙon abu ba ne a gidajen ƙabilar Dungan, duk mai sayar da taliyar sanyi da ake kira ashlamfu a kasuwar Karakol ta iya. Sai dai su sau uku suke wankewa, da ruwa mai ɗan ɗumi, kuma su mayar da danƙon cikin kwano don shi ne daɗin. Goggo Hecer sau tara take yi, da ruwan da ke sa haƙori zogi, don ta ce ɗumi yana sa danƙon ya saki jiki ya bi farin ruwan. Danƙon nan shi ke sa lagman, doguwar taliyar nan ta hannu, ya miƙe a hannun mai ja bai tsinke ba. Shi ne abin alfaharin kowace mai girki a ƙasar nan, kuma shi ne dafi ga yaran da take ciyarwa. An haife su da wata lalura da ke hana jikinsu sarrafa wani sashe na furotin, sinadarin nan mai gina jiki da ke cikin nama da madara da ƙwai da alkama. Abin da bai sarrafu ba sai ya taru a jini ya hau kai, ya dinga cin ƙwaƙwalwa a hankali, ba zazzaɓi ba kuka, har uwa ta wayi gari ta ga ɗanta ya daina gane ta. Asibiti na ba da wani garin sha a gwangwani wanda ke maye gurbin nama. Amma yaro ba ya rayuwa a kan abin sha kaɗai, yana so ya ga kwano a gabansa kamar kowa.

Shekara talatin da ɗaya ta yi tana wannan aiki. A watan jiya ta ajiye shi, kuma babu wanda ya shirya mata taro ko ya miƙa mata takardar yabo. Ni Burul, mai ɗinkin labule a layin teloli, ni na ce sai na rubuta. In faɗa muku gaskiya da fushi nake rubutun nan, kuma rabin fushin a kaina yake.

Ranar da na fara ganinta zaginta na yi. Ina rungume da 'yata Cinara, tana da wata biyu, ina cinikin barkono a kasuwa, sai wata mata ta matso ba ko sallama, ta sunkuya ta sunsuna wuyan jaririyar, ta ɗaga hularta ta dubi gashin.

"Ubanta mai farin gashi ne?" ta tambaya.

"Ina ruwanki da ubanta?"

"Ke baƙin gashi, shi ma na san baƙin gashi ne, ita ga nata kamar karan alkama. Kuma tana warin ɓera. Ki kai ta asibitin Bishkek gobe a ɗebi jininta."

"Uwarki ce mai warin ɓera!" na ce, har masu albasa suka juyo. "Ku Dungan in ba ku cuci mutum a sikeli ba sai ku yi masa baki?"

Ko gezau ba ta yi ba. Ta yagi takardar ƙunshin barkono ta rubuta sunan ciwon a baya, ta cusa mini a aljihu, ta ce, "Ki ƙarasa zagin a mota, 'yar nan. Akwai mai tashi ƙarfe bakwai."

Na je ne don in dawo in ƙaryata ta a gaban masu albasar nan. Likitan da ya karanta sakamakon ya tambaye ni wa ya turo ni, na ce wata mahaukaciya ce a kasuwa. Ya ce in koma in sumbaci hannun mahaukaciyar, don da na ƙara wata huɗu da sai dai haƙuri.

Daga baya na ji ko wace ce. A zamanin ƙuruciyarta ba a yin biki daga Irdik har Karakol ba a aika mata da mota ba. Tsofaffi har yau suna ba da labarin yadda take jan lagman, zare ɗaya ya cika kwano, ka nemi bakinsa ka rasa. Ta haifi ɗanta tilo, Yubuza, ƙato mai yawan dariya. Ta yaye shi da romon rago da taliyar hannunta, wadda manya ke layi su samu. Yana shekara biyu dariyar ta ɗauke. Aka yi rubutu, aka yi turare, aka je wurin masu duba. Sai da ya kai takwas wani likita ya gano abin, ya ce mata da an sani da wuri da abinci kawai za a canza masa. Ta ce wane abinci? Ya lissafa mata, sai ta ji duk abin da ta fi kowa iyawa ne. Ta dawo gida ta jingine katakon jan taliyarta a bayan rumbu, ba ta sake ɗaukarsa ba. Masu biki suka yi roƙo har suka gaji, suka koma cewa ta yi wa sana'ar uwarta butulci. Mijinta ya rasu bayan shekara uku, aka bar ta daga ita sai yaron da ba ya magana.

Ke ce inuwar giginya, Goggo, na nesa ka sha, kuma ba da son ranki ba. Abin da kika koya a kan ɗanki ya zo a makare gare shi, sai 'ya'yanmu suka mora. Ke ce kika lura cewa ba yunwa ce babbar abokiyar gabar yaranmu ba, kara ce. A ƙasar nan ba a shiga gida a fita ba a taɓa gurasar masu gida da baki ba, ko gutsure ɗaya ne, in ba haka ba an wulakanta su. Yaro ya zaga gida biyar ranar salla, ya ci gutsure biyar daga hannun kakanni masu ƙaunarsa, ya dawo da dafi a jini. Sai kika fara turara 'yan ƙananan gurasa na farin garinki, har da zanen tsakiya irin na tanderu, kika ce kowace uwa ta riga ɗanta shiga ta ajiye ɗaya a kan shimfiɗar abincin masu gida. Yaro ya gutsura, tsohuwa ta sa albarka, babu wanda ya ji kunya. Likitoci sun yi karatun shekara bakwai, wannan dabarar ba ta zo musu ba.

Da taliyar Goggo na raini Cinara. Ta yi makaranta, ta zama malamar 'yan yara, bakinta ya fi nawa kaifi in ta ga dama. Da ta girma ta ɗan saki dokar abincin, kamar yadda yawancinsu ke yi, har ta san ɗanɗanon lagman na gaske a gidajen ƙawaye. Ta haɗu da Mederbek, suka so juna, ya san komai game da lalurarta. Uwarsa Sairagul ce ba ta sani ba, kuma ni na hana a gaya mata. Na ce a ce yarinyar tana da ɗan ciwon ciki, ba ta son abu mai nauyi. Na ji tsoron a fasa auren, na yi ƙarya, kuma ƙaryar ta jira ni a gaba.

Kafin ta ɗauki ciki likitarta ta zaunar da su ta yi musu bayani dalla-dalla. Ko da jaririn bai gaji ciwon ba, jinin uwarsa zai sha wata tara. In abin ya taru a jininta, shi zai ci, a haife shi da ƙaramin kai da ƙwaƙwalwar da ba ta gyaruwa. Dole ta koma dokar da ta fi ta yarinta tsanani, a dinga auna jininta duk mako har ta sauka. Cinara ta koma. Cikin na da wata biyu Mederbek ya tafi aikin gini Mosko, kamar mazan kowa, ya bar ta gidan uwarsa a Ak-Su tana zuba shayi tana rusunawa.

A wata na uku kwaɗayin ciki ya taso mata, kuma bai tashi kan komai ba sai lagman. Ita ce amaryar gida, ita ke dafa shi ta zuba wa mutum takwas, sannan ta koma gefe da ledar Goggo. Wata rana Sairagul ta shigo ɗakin girki ta same ta tsaye a kan tukunya tana hawaye. Matar nan ta yi murna kamar an ba ta kujerar Makka. Ta sa aka yanka rago, ta zauna a gaban yarinyar da kwano, ta ce ba za ta tashi ba sai ta ga ƙasansa. Amarya ba ta musu da uwar miji. Cinara ta ci ranar, ta ci washegari. Ran Alhamis likita ta kira ni a waya, ta ce jinin ya ninka inda ya kamata ya tsaya har sau uku, in aka ƙara mako biyu a haka ba ta da alkawarin da za ta yi mana.

Na rufe shago na hau mota. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na faɗa wa Sairagul komai, har da ƙaryar da na yi. Ta saurara tana juya kofin shayinta.

"Wato kun kawo mana mai ciwo kun rufe da mayafi," ta ce. "To wannan tsakaninki da Allah. Amma cikin nan namu ne. Uwata ta faɗa, kakata ta faɗa, duk mai cikin da ba a kashe mata kwaɗayi ba, ɗanta dalala zai yi ta yi har ya tsufa. Na haifi shida, kowanne na ci abin da raina ya so. Wanne kika gani da ƙaramin kai?"

"Jininki daban, nata daban, uwar Mederbek."

"Jinin mutum ne ko na kifi? Kun bar yarinya tana cin sitacin guga, wai shi ne abinci. Jikana ba riga ba ne da za a sa masa sitaci."

Na yi ihu, na yi kuka, na ambaci likita. Ta ce likitar ko haihuwa ɗaya ba ta yi ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne matar nan ba muguwa ba ce. Jikanta take so, kuma da son za ta hallaka shi. Cinara na tsaye bakin ƙofa da buta a hannu, idonta a ƙasa.

Daga nan Irdik na wuce. Na tarar da Goggo zaune a rana, hannayenta a cinya. A kakar nan ne likitan ƙashi ya gaya mata ta rabu da ruwan sanyi in tana son yatsunta, don gaɓoɓin sun kumbura sun fara lanƙwashewa. Ta riga ta gaya wa iyayen yara cewa daga ƙarshen wata su nemi taliyar kwali da ake kawowa daga waje, wadda ke zuwa wata ɗaya ta ɓace wata uku. Na san da haka, na kuma zauna na zazzage mata damuwata. Ta ji ni har ƙarshe.

"Dalala ta ce?"

"Haka ta ce, Goggo."

"Buɗe akwatin can ki ɗauko wa Yubuza rigarsa ta salla."

Yubuza a lokacin yana da shekara talatin da tara. Dogo ne, fari, kafaɗunsa irin na masu dako, yana tafiya yana rangaji yana wani gunji a maƙogwaro. Ya fi shekara ashirin bai taka gidan kowa ba, ba don uwarsa na ɓoye shi ba, don babu wanda ya taɓa cewa ta zo da shi. Muka sa shi a tsakiya a bayan tasi, yana riƙe da gefen mayafinta har Ak-Su.

Sairagul ta yi abin da al'ada ta ce. Ta yi shimfiɗa, ta kawo gurasa da shayi, ta kai baƙi kan gaba. Idonta na kan Yubuza, wanda ya zauna yana kaɗa jiki, miyau na zuba a kan rigar sallar. Goggo ta ciro hankici ta goge masa haɓa, ba ta yi sauri ba.

"An ce kina tsoron jika mai dalala," ta ce. "Shi ya sa na kawo miki ki ga irinsa da kyau, kada ki yi ta tsoron abin da ba ki sani ba."

"Yaya, Allah ya ba shi lafiya, ni ban..."

"Ba zai samu ba, ki bar addu'ar ga mai rabo. Kin san ni?"

"Na ci lagman ɗinki a bikin yayana. Har yau ana maganarsa."

"To shi ma ya ci. Kullum, shekara bakwai, da hannun nan. Ban taɓa hana shi abin da ransa ya so ba, ni ma da cikinsa babu kwaɗayin da ban kashe ba. In ya ƙi ci har waƙa nake masa ya buɗe baki." Ta sake goge masa haɓa. "Ni ba wanda ya gaya mini. Ke an gaya miki. In kin ga za ki iya shekara arba'in da hankici a hannu, zuba mata, ga tukunya can."

Gani ya kori ji. Sairagul ta daɗe tana kallon shimfiɗa, da ta ɗago idonta ya yi ja. Amma ba ta sauka gaba ɗaya ba, don tsoron da aka gada daga kaka ba ya fita rana ɗaya.

"To kwaɗayin fa?" ta ce. "Lagman take so, ba wannan abu mai santsi da ke gutsurewa a cokali ba. In bar ta tana haɗiyar miyau wata shida?"

Goggo ta dubi yatsunta, ta dubi Cinara. "Ki ba ni kwana goma," ta ce.

Garin da aka raba da danƙo ba ya jawuwa, wannan ko yarinya ta sani. Abin da ta yi a kwana goman nan maƙwabciyarta ce ta ba ni labari, don ta ce ta ga an zubar wa kaji daro ya fi ashirin. A ƙarshe ta dama kaɗan daga garin da tafasasshen ruwa ya yi kauri, ta murza sauran a ciki tare da sitacin dankali, ta huda gindin wani tsohon kwanon sha da ƙusa. Ta cika shi, ta riƙe a saman tukunya tana dukan kwaɓin da dunƙulen hannu, zaruruwa na sauka dogaye cikin tafasa. Daga tukunya sai cikin ruwan ƙanƙara, kuma a nan dole ta sa yatsu tana tsefe su ɗaya-ɗaya har su huce, in ba haka ba su manne su zama tuwo. Wato ruwan sanyin da aka hana ta, ta ninka shi biyu. Miyar kuwa ta yi ta da barkono da tumatir da tafarnuwa, ta soya su da narkakken kitsen jelar rago da ta tace sau biyu, don ƙamshin naman ya fito ba tare da naman ba.

Ina wurin da aka ajiye wa Cinara kwanon. Ta kama bakin zare ɗaya ta tsotsa, ta tsotsa, bai ƙare ba sai da numfashinta ya ƙare. Ta yi dariya da hawaye a fuska.

"Goggo, ba lagman ba ne."

"Na fi ki sanin lagman, marar kunya. Ya kashe ko bai kashe ba?"

"Ya kashe. A ƙaro."

Sairagul ta ɗanɗana, ta taɓe baki, ta ce babu laifi. Ran Alhamis ta biyu jinin ya sauko.

Daga nan har wata shida, tsakiyar hunturu, kullum sai an kai kwano Ak-Su. Kuma tun da ta koma bakin daro, sauran gidaje ashirin da biyu ma suka ci gaba da aikowa, kowa ya yi kamar bai ji maganar likitan ƙashi ba. Ni ma na je taya ta, sau biyu. Na sa hannu a ruwan nan na ji kamar ana soka mini allura a ƙarƙashin farce, taliyata ta fito guntu-guntu, ta ce in tashi ina mata ɓarnar gari. Na tashi, kuma wallahi daɗi na ji da ta kore ni. Na gaya wa kaina ina da shago, ina da labulen mutane. Na san sarai abin da ruwan ke yi mata, na zaɓi jikana, na bar ta da shi.

An haifi yaron da bazara. Ungozoma ta zagaya kansa da tef ɗin awo, ni da Sairagul muna tsaye kamar masu jiran hukunci, ta faɗi lamba, likita ta ce daidai. Yanzu watansa biyar. Yana bin mutum da ido, yana ƙyaƙyata dariya in uwarsa ta ɓoye fuska, ya san muryar ubansa a waya. Lafiyarsa ƙalau.

Aka yi bikin sa shi a shimfiɗar jariri, aka yanka doki, aka tara mutum ɗari biyu. An yafa wa likita alkyabba, an ɗaura wa kowace tsohuwa sabon ɗankwali, wani kawu ya miƙe ya yi jawabi a kan kyawun jinin gidansu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. An gayyaci Goggo, kada in yi musu ƙarya. Sairagul ta ja ni gefe ta ce a gaya mata ta zo, za a ba ta wuri a sama, amma ta zo ita kaɗai, don tsofaffi sun ce ba a kawo irin Yubuza kusa da shimfiɗar sabon jariri. Mutumin da aka nuna mata ta fasa kashe jikanta, shi ne yanzu abin camfi. Kuma wa kuke tsammani ya kai saƙon? Ni, da bakin nan nawa da ke iya zagin mutum a tsakiyar kasuwa. Na faɗa a waya, na lulluɓe shi da kalmomi masu taushi. Ta ce Allah ya raya, ta kashe. Ba ta zo ba.

Washegari da hantsi na ɗauki rabonta na nama da ɗankwali na tafi Irdik. Darukan suna kife a jikin bango, sun bushe. Na same ta a ɗaki gaban Yubuza da kwanon fate. Yatsunta sun dunƙule sun ƙi buɗewa, ta sa maƙwabciya ta ɗaure mata cokali a wuyan hannu da tsumma. Ta ɗebo, rabi ya zube kafin ya kai, ya buɗe baki yana jira, ta sake ɗebowa. Na tsaya da ledar nama a hannu, na fara jero godiyar da na shirya a mota.

"Nawa kan ya auna?" ta katse ni.

Na gaya mata. Ta gyaɗa kai.

"To alhamdu lillahi. Ajiye naman can. Godiyarki ba ta riƙe cokali, Burul, zo ki zauna."

Na kwance tsumman, na karɓa, na ɗebo na kai bakinsa. Ya dube ni, ya kawar da kai. Na sake, ya ture hannuna, faten ya zube mini a zane. Shekara arba'in daga hannu ɗaya yake ci, bai san wani ba. Sai da na mayar mata da cokalin na ɗaure, da kaina, sannan ya buɗe baki.

Goggo Hecer, na gode, ko da kin ce ba ta da amfani. Na gode a madadin Cinara da ɗanta, da malamai biyu da direba da mai gyaran waya da duk sauran da suka girma da hankalinsu a kan taliyarki. Ke ce kika sayi kan jikana da yatsunki goma, ba wanda ya tambaye ki ko kina da wasu. Ki yafe mini saƙon da na kai.

Ku kuma gidaje ashirin da biyun nan, kun san kanku, ba sai na kira suna ba. Na buga muku waya ɗaya bayan ɗaya na ce duk Litinin a haɗu a Irdik a koyi wankin, tunda hannunta ne ya mutu, bakinta na nan da kaifinsa. Litinin ta farko mutum huɗu suka zo, ta biyu mutum biyu, ɗaya ma da safar roba da fulas ɗin ruwan zafi. Akwai jarirai uku da aka gano bana, iyayensu ba su ma san hanyar ƙauyen ba. Ruwan yana da sanyi, ba zan ɓoye muku ba, kuma taliyarku za ta gutsure wata guda kafin ta miƙe. Ku zo duk da haka. Wanda ba zai iya ruwan ba, akwai cokali. Yubuza na cin abinci sau uku a rana, uwarsa na da shekara saba'in da ɗaya, ni kuma yau kwana goma sha tara ina zuwa bai karɓi loma ɗaya daga hannuna ba. Ku zo ya fara sabawa da fuskokinku tun tana da ran da za ta gaya muku yadda yake so a hura masa.